Lambar raunin garkuwar jiki saboda magani ta ƙi shiga

Ummu_Aboabo: Salamu alaikum. Ina ɗakin folda a wani ƙaramin asibiti a nan Kumasi, ni ke cike takardun NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa. Wata dattijuwa mai ciwon gaɓɓai ta daɗe tana shan prednisolone, yanzu fari-fari ya fito mata a harshe da cikin baki. Likita ya rubuta cewa maganin ne ya raunana mata garkuwar jiki. Na duba intanet na samo D84.821, lambar raunin garkuwar jiki saboda magani, amma kwamfutarmu ta ce ba ta san ta ba. Ina matsalar take?

Baba Nima: Wa alaikumus salam, 'yata. Kwamfutarki na da gaskiya. D84.821 ta Amurka ce, daga ICD-10-CM, kundin lambobin cututtuka nasu, kuma sai a Oktoban 2020 suka ƙara ta. Mu ICD-10 ta Hukumar Lafiya ta Duniya muke bi, a cikinta kuwa D84.8, ta sauran nau'o'in raunin garkuwar jiki, ce iyakarki. Fara da abin da ya kawo ta asibiti, wato B37.0 ta fari-farin bakin, sannan D84.8, ki rufe da Y42.0 mai nuna cewa irin su prednisolone ne sila. Layin Y40 zuwa Y59 na maganin da aka ba da daidai, aka sha daidai, amma ya yi illa ne. Kada ki taɓa T38.0, wannan ta wanda ya zarce ƙa'ida ce ko ya sha bisa kuskure.

Hajiya Asawase: Baba ya gama magana, sai dai ƙanwata ki tabbata likita ne ya ɗora dattijuwar a kan maganin. Mata nawa ke sayen dexamethasone a kemis don su yi ƙiba kafin biki? Wannan ba Y42.0 ba ce, har F55, ta shan irin wannan magani ba bisa ƙa'ida ba, tana iya shigowa. In folda ba ta fayyace ba, mayar wa likita, ba aikinki ba ne ki yi hasashe. Kuma ki kula da bakinki gaban dangi. Da sun ji "garkuwar jiki" sai hankalinsu ya tafi kan ƙanjamau, alhali shi B20 zuwa B24 ne, babu abin da ya haɗa su.

Ummu_Aboabo: Allah ya saka da alheri, lambar ta shiga. Likitanmu ne ya rubuta mata tun farko, yana cikin folda. Hajiya, takardar kai rahoton illar magani ga FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, fa, mu ne za mu cike ko mai ba da magani?