Na Tsinci Tiramol a Jakar Ƙanena, Saura Mako 3 Jarrabawa

Yayar ɗalibi, Sabuwar Unguwa:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana aji biyu a wata jami'a a nan Katsina, kuma ranar Juma'a na tsinci tiramol a jakarsa. Ya ce tun da ya faɗi kwasa-kwasai biyu bara abokin ɗakinsa ya fara ba shi, wai don ya iya kwana yana karatu. Mahaifiyarmu ta rasu shekara 4 da suka wuce, Baba kuwa ba ya tambayarsa komai sai sakamako, har ya rantse cewa in ya sake faɗuwa ba zai ƙara biya masa kuɗin makaranta ba. Shin in sanar da Baba yanzu, ko in dawo da shi gidana in kai shi asibiti har a gama jarrabawar?

Malamin Islamiyya, Ƙofar Marusa:
Wa alaikumus salam. A raba shi da abokan banza, a dage da addu'a, sannan mahaifiyarsa ta zaunar da shi ta yi masa nasiha.

Wata uwa, Daura:
'Yata, ni na faɗa wa uban, kuma har yau ina cizon yatsa. Ɗana ya fara shan kodin yana karatun difloma, a lokacin da babansa ba shi da magana kullum sai cewa ɗan kishiyata ya fi shi ƙoƙari. Da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, sai ya koma ƙwaya. Babansa bai tambaye shi abin da ke damunsa ba, ya kai shi wani gidan mari, ya yi wata 8 ya dawo da tabo a idon sawu, ba ya kallon kowa a ido. Sai da 'yan sanda suka fasa irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina a watan Oktoban 2019 sannan dangi suka gaskata ni. Karatun bai koma ba.

Ma'aikaciyar jinya, Rafindadi:
Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya. Ke kuma 'yar'uwa, kada ki ƙwace ƙwayar ki kulle shi a ɗaki, domin wanda jikinsa ya saba, in ya daina farat ɗaya zai fuskanci rashin barci da gumi da ciwon gaɓoɓi, shan ta da yawa kuma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Likitan ƙwaƙwalwa ne zai tsara yadda za a rage masa. Akwai kuma gwajin fitsari.

Wani uba, Batagarawa:
Ni naira 15,000 na biya na gwajin a asibitin kuɗi, ban da ganin likita. Kuma ban yarda a ɓoye wa uba halin ɗansa ba; wanda bai taɓa biyan kuɗin rajista ba bai kamata ya yanke wa iyaye maza hukunci ba.

Wata uwa, Daura:
Alhaji, sarƙata na sayar na biya kuɗin rajistar. Wanda ya ga abin a ɗakinsa shi ya fi cancanta ya yi magana.

Tsohon ɗalibi, Dutsin-Ma:
A zamaninmu goro da bokitin ruwan sanyi ne maganin hana barci. A aika masa da ƙwaryar goro!

Yayar ɗalibi:
Malam, mahaifiyarmu ta rasu, kamar yadda na faɗa. Har yanzu ban ji wanda ya ce mini in jira jarrabawa ko kada in jira ba.

Wani uba, Batagarawa:
Allah ya jiƙanta. Amma a tambayi yaron inda yake saye. Likita kan rubuta mai miligiram 50 ko 100, wadda hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ke yawan kamawa kuwa mai 225 ce, kuma a layinmu akwai kemis ɗin da matasa ke yi wa layi bayan isha'i ba tare da takardar likita ba. Sau biyu muna kai ƙara wurin mai unguwa, har daren jiya shagon a buɗe yake.