Auna tsawon wasali da tagwayen wasula a Suwidanci: ina ake tuntuɓe?

Ɗalibin tsarin sauti: Assalamu alaikum. Malamai, masu aikin auna wasulan Suwidanci (harshen ƙasar Suwidin) da Praat, manhajar nazarin sautin magana, ta ina kuke farawa? Haruffan wasali 9 ne (a, e, i, o, u, y, å, ä, ö), kowanne da dogo da gajere, amma awon milisakan kaɗai ba ya raba su sarai.

Malama mai koyar da furuci: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka auna wasali shi kaɗai. A gaɓar da ake ƙarfafawa, dogon wasali gajeren baƙi ke bin sa, gajeren wasali kuma baƙi mai ɗauri: tak (rufi) da tack (godiya), väg (hanya) da vägg (bango), glas da glass. Saboda haka auna wasalin, auna baƙin da ke biye, ka raba tsawon wasalin da jimlarsu. Wannan kason ba ya rikicewa sosai in mai magana ya yi sauri. Masanin sauti Elert ya nuna tun 1964 cewa gajeren wasali kan kai kusan kashi biyu cikin uku na dogo, tazarar baƙaƙe kuwa ba ta kai haka ba. Kunnen Bahaushe ya san gari da gaari, amma mu muna da kalma kamar dafa, wasali gajere, baƙi gajere. Daidaitaccen Suwidanci ba ya yarda da wannan a gaɓa mai ƙarfi.

Mai aikin ɗaukar murya: Ƙari a kan maganar Malama. Sa kowace kalma a jimla ɗaya tak, misali Jag sa ... igen, don kalmar ƙarshen jimla kan miƙe ta ɓata lissafi. A maimaita aƙalla sau 5. Fitar da duk kalmar da r ke bin ä ko ö, don suna buɗewa a nan. Kuma kafin ka fara yanka, yanke shawara a kan hucin da ke fitowa tsakanin wasali da p, t, k. Wasu na lissafa shi da wasali, wasu da baƙi. Ko wanne ka zaɓa, tsaya a kansa har ƙarshe, musamman da muryoyin arewa.

Ɗalibin tsarin sauti: To Malam, ful da full fa? Tsawonsu ya kusa zama ɗaya a wajen wasu, amma kunne na raba su nan take.

Malami mai nazarin karin harshe: Nan ba tsawo ke aikin ba, ɗan'uwa, siffar wasalin ce. Dogon u a gaba yake, leɓɓa a matse, gajeren kuwa ya sauka tsakiya. Haka mat da matt: dogon a na can baya, gajeren na gaba. Sai ka duba F1 da F2, wato mitocin amon murya biyu na farko da ke nuna siffar wasali. A Praat, sa iyakar sama a 5000 Hz ga maza, 5500 ga mata, ka ɗauki awo a kashi 20, 50 da 80 cikin ɗari na wasalin. Awon tsakiya kawai yana ɓoye motsin da kake nema.

Motsin kuwa yana da yawa. A yankin Stockholm dogayen e, å da ö kan karkata zuwa tsakiya a ƙarshensu, dogayen i, y, u, o kuma kan ƙare da zuza kamar baƙi, abin da ke sa iyakar wasalin ta yi wuyar gani. A birnin Malmö da sauran yankin Skåne na kudu motsin a farko yake: wasalin ya faro a buɗe sannan ya hau. Duk wannan furucin dogon wasali guda ne, kada a rubuta shi a matsayin ƙwayar sauti daban. Tsibirin Gotland na cikin wuraren da suka riƙe tsoffin tagwayen wasula, stain inda daidaitaccen harshe ke cewa sten. Na daidaitaccen harshe kusan duk a kalmomin aro suke, irin su paus da Europa. Hej, nej, maj kuwa gajeren wasali ne da baƙin j, ba irin ai ɗinmu na kai ba, ko da yake a kunne sun yi kama.

Malama mai koyar da furuci: Rubutu ma na yaudarar masu haɗa jerin kalmomi. Ba a cika ninka m a ƙarshe ba, haka ma n a wasu kalmomin yau da kullum, don haka hem, kom, man, vän duk gajeru ne. Fint kuwa dogo ne duk da baƙi biyu, saboda t ɗin ɗafi ne, alhali vit na komawa vitt da gajeren wasali. Barn da bord su ma dogaye ne. Irin waɗannan ne suka sa ake gardama: masana Eliasson da Riad na ganin tsawon baƙi ne tushe, wasu na cewa na wasali. Ni dai ina ware su a rukuni na daban.

Mai aikin ɗaukar murya: A tambayi kowa garin da ya girma. Mai furta wasalin i irin na mutanen Viby ko Lidingö, wurare biyu a Suwidin, F2 ɗinsa kan faɗo ƙasa har ka zaci Praat ya yi kuskure, sai an saurara da kunne. Masu Suwidancin Finlan kuma kan furta bara da göra da gajeriyar gaɓa, in ka zuba su cikin na Stockholm kason zai lalace.