Shekara 46 a kan ruwa, yau tsayuwa a tudu ta gagare ni

Mai Fiton Yawuri:

Assalamu alaikum. Ni nake faɗa, ɗana yake rubutawa, don bokona bai wuce karanta lambar inji ba.

Tun ina ɗan shekara 15 nake kan ruwa, bana ina da 61. Lokacin da aka tare Kwara a Kainji cikin 1968 ina ƙaramin yaro, saboda haka ni a kan tafki na buɗe ido. Mahaifina kuwa ya san wurin tun yana kogi da gungaye. Shi ya nuna mini inda tsofaffin ƙauyuka suke kwance a ƙarƙashin ruwa, da inda kututturan itatuwa suke tsaye suna jiran cikin jirgi. Na fara da filafili da gora, na koma jirgin katako mai inji, ina ɗaukar albasa da gero da awaki da mutane daga Yawuri zuwa kasuwannin bakin ruwa, har Wara.

Kamar kowane yaron bakin ruwa, na yi tsargiya. A zamaninmu ba a ɗauke ta ciwo ba, wasu ma cewa suke alamar balaga ce. Bara da damina fitsari ya tsaya mini, ga zazzaɓi mai karya ƙashi. Aka kwantar da ni a wani asibiti, allura safe da yamma kusan mako uku. Zazzaɓi ya sauka, alhamdu lillahi. Ranar da na miƙe zan zagaya, sai na ji ƙasa ta zama jirgin da aka yi wa mugun lodi. Aka ce gajiyar jinya ce, in ci abinci. Na ci abinci wata huɗu.

In ina tafiya, duk abin da ke gabana tsalle yake yi, ba na gane fuskar mutum sai na tsaya cak. Da dare kuwa, in an ɗauke wuta, sai bin bango. Sallar Asuba a masallaci ta fi ƙarfina, ga shi tsakaninmu bai fi taku arba'in ba. Sai da muka je cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna aka gano bakin zaren. Suka ce allurar gentamicin ce ta kashe abin da ke daidaita mutum a can cikin kunne, don ƙodata da tsargiya ta raunana ba ta iya fitar da maganin da wuri, ya taru a jiki. Jina yana nan garau. Amma wancan, sun ce ba ya dawowa.

Ina godiya da addu'a, amma labari nake nema. Duk wanda ya yi rayuwarsa a kan ruwa, aka yi masa maganin wani ciwo ya tashi da wani, ya faɗa mini yadda ya yi. Ka koma ruwa ko ka haƙura?

Ɗan Kasuwar Albasa:

Subhanallahi. Baba, Allah ya sa kaffara ne. In ku ne wanda nake tsammani, buhunana sun sha hawa jirginku.

Tsohon Giriza, Agege:

Ƙanena, na girme ka da shekara takwas, kuma nawa ruwan na gishiri ne, amma ciwon ɗaya ne.

Na shiga jirgin teku a 1978, na fara da goge mai a ɗakin inji har na zama giriza. Apapa, Tema, Las Palmas, Liverpool, Hamburg, duk na taka. Da aka rufe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa a 1995, na koma ƙananan jiragen da ke jan manya a tasha, har ƙarfi ya ƙare. Shekara huɗu ke nan aka yi mini aikin prostate, ƙullin nan da ke ƙasan mafitsarar namiji. Aikin ya yi kyau, ƙarin da ake tsoro an cire shi. Sai dai da aka zare robar fitsari, famfon ya ƙi rufuwa. In na yi tari, in na miƙe, in na yi dariya, sai in ji ɗumi.

Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaure bututun da ke yoyo a tsakiyar teku, ga shi ya kasa ɗaure nasa. Yanzu ina dariya, a lokacin kuka na yi.

Ban damu da wari ko wanki kamar yadda na damu da masallaci ba. Wata bakwai ban je jam'i ba, ina ƙarya da ciwon gwiwa. Limaminmu ya gaji ya biyo ni gida, na rufe ido na faɗa masa gaskiya. Bai ce komai ba sai ya aika aka ɗauko Risala, ya karanta mini inda aka ce an so mai yoyon fitsari ya sake alwala a kowace salla, ya ce to ina inda aka ce ka zauna a gida? Ashe hukuncin yana cikin littafin da na yi karatunsa ina yaro a zaure, ban taɓa zaton da ni ake ba.

Yanzu ina sa ƙunzugun manya da ake sayarwa a kemis, ina kuma yin motsin da likita ya koya mini, wato ka matse ƙasanka kamar mai riƙe tusa a gaban surukai, ka ƙirga, ka saki. Bayan shekara guda abin ya ragu sosai, bai tafi duka ba.

Shawarata ɗaya ce. Ka sa a faɗa wa mutanen kwata abin da ya same ka, da sunansa. In ka yi shiru, mai tangaɗi da rana tsaka suna ɗaya ake ba shi, kuma ka san sunan. Ni in kewar ruwa ta dame ni, jirgin fito nake hawa daga CMS zuwa Apapa in dawo, ba don ina da wurin zuwa ba, don in shaƙi warin dizal.

Maiɗakin Ɗan Fito, Gaya:

Malam, sannu da jiki. Ba ni ce mai ciwon ba, maigidana ne, amma ni na yi jinyar, ina ga ina da bakin magana.

Zazzaɓin cizon sauro ne ya kama shi, wani mai sayar da magani a unguwa ya yi masa allura a ɗuwawu. Ya ce allurar na shiga ya ji kamar an jona masa lantarki har ɗan yatsa. Washegari ƙafar ta saki, tafin yana reto, yatsu suna jan ƙasa, silifa ba ya zama. Lokotoro ya ce an soki babbar jijiyar da ke saukowa ta bayan cinya, don an yi allurar a tsakiya, alhali wurinta sama ne ta gefen waje. Ya ce jijiya tana tsirowa amma tafiyar hawainiya take, kamar milimita ɗaya a yini.

Abin da ya fi ci masa rai ya zo a 2023, da aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Malanville, a iyakar Nijar da Benin. Kowa da kayansa ya koma kwale-kwale. Yaran da shi ya koya wa riƙon filafili suna ƙirga kuɗi da yamma, shi yana zaune a gindin bishiya da sanda. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya koma faɗa a kan gishirin miya. Da kifin da nake soyawa muka ci abinci wannan shekarar, kuma ko sau ɗaya ban bari ya ga ina ƙirga kuɗin a gabansa ba.

A Yamai aka yi masa wani takalmin roba mai tallafe tafin ƙafa daga baya. Da shi ya koma ruwa. Ba ya dako, ba ya tura gora, zama yake a baya ya riƙe inji. Bayan ƙafar ba ya ji, ya taɓa ƙonewa bai sani ba sai da na ga ɓororo, shi ya sa kullum dare sai na haska tocila na duba tsakanin yatsu kamar na jariri. Yana jin haushi, ina yi. Yanzu babban yatsan ya fara motsi kaɗan.

Ni dai cewa zan yi ka koma. Namijin ruwa in ya zauna a gida, gidan ne ba ya zaunuwa.

Mai Gashin Ƙashi, Sakkwato:

Hajiya, Allah ya saka miki, amma a yi hattara, ciwon maigidanki daban, na Baba daban.

Baba, tsayuwar mutum murhu ce mai duwatsu uku: ido, da cikin kunne, da jin da tafin ƙafa yake yi. Naku dutse ɗaya ya fita, tukunya tana kan biyu. Shi ya sa duhu yake kayar da ku, don ya ɗauke ido. A cikin ruwa kuwa duka biyun tafiya suke, ido ba ya gani a ruwan Kwara, ƙafa ba ta taka komai. Sai mutum ya rasa ina ne sama ina ne ƙasa, ya yi ta iyo da ƙarfinsa yana nufar ƙasa.

Na yi jinyar wani masunci mai irin wannan, nasa allurar tarin fuka ce ta jawo, har da kurumta. Irin waɗannan allurai, kamar kanamycin, sun kurumtar da mutane da yawa kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina ba masu tarin fuka kanamycin ɗin a 2018. Bai ji maganata ba, ya duƙa zai kwance taru da ya maƙale a ruwan da bai wuce ƙirjinsa ba. Ɗansa ne ya jawo shi ta wuyan riga. Ya zo mini yana rantsuwa cewa sama yake nufa.

Don Allah ba nutso, ba wanka a kogi, ba tafiyar dare, kuma kada ku taka jirgi sai da rigar ruwa a ɗaure. Motsa jiki yana taimakawa ƙwarai, don ƙwaƙwalwa tana koyon dogaro da abin da ya rage. Ku manna takarda mai babban harafi a bango, ku kafe ta da ido kuna juya kai dama da hagu, minti ɗaya, sau da yawa a yini. Ku riƙa tafiya a kan yashi da rana, wani yana gefenku. Kwanciya ita ce take ƙara shi.

Na Doron Baga:

Ni ban koma ba, kada a ce kowa yana komawa. Inji ya faɗo mini a ƙafa, mai ɗori ya ɗaure tamau, kwana biyar ƙafar ta yi baƙi, aka yanke ta ƙasan gwiwa. Ina jinya aka tashe mu daga Baga a farkon 2015. Jirgin ban san inda yake ba. Yanzu kalli, ragar kamun kifi, nake ɗinkawa a Maiduguri ina sayar wa masu komawa. Ba na son a kawo mini labarin tafki, in an fara tashi nake.

Jikan Sarkawa:

Baba ku yi haƙuri, amma wannan ai sakaci ne. Mako uku ana ɗura wa dattijo magani ba a duba ƙodarsa ba? Ku kai ƙara, ko don na baya.

Mai Fiton Yawuri:

Na ji duka, an karanta mini har sau biyu. Na yi shiru kwana ashirin don ina so in dawo da labari.

Jikan Sarkawa, ɗana, maganarka tana cina. Wata rana in ce ai allurar nan ce ta tashe ni daga bakin kabari, wata rana in tuna ba wanda ya taɓa tambayata ko ina jin jiri. Ban yanke shawara ba. Abin da na yi dai, na sa an rubuta sunan maganin a takarda an liƙe da leda, tana aljihuna tare da carbi.

Yaya na Agege, na bi shawararka. Na sa sarkin kwata ya faɗa a gaban kowa. Ashe har an fara cewa na shiga shan maganin tari a tsufana.

Likita, ba sai kun roƙe ni ba. Ina cikin waɗanda suka yi nutson neman mutane a Wara cikin Mayun 2021, lokacin da jirgin nan mai mutum sama da 150 ya tsage. Na san yadda ruwa yake dawo da mutum.

Ranar kasuwa da ta wuce na hau. Katakon hawa ne ya fi komai wuya, yara biyu suka riƙe ni kamar amarya. Wata tsohuwa ta ga rigar ruwan ta ce yau kuma kifi ne da lema? Aka yi dariya, na taya su. Na zauna a ƙasan jirgi na jingina da buhun albasa, ɗana yana kan inji. Sai ga abin da ban yi tsammani ba: in inji yana gudu jirgi yana dukan igiyar ruwa, gaɓar duka rawa take, ba na iya karanta ruwa. Sau uku na sa ya kashe inji don in duba. Fasinja suna ta gunaguni. A na ukun, da komai ya tsaya, na ga tsamiyar da mahaifina yake saiti da ita ta koma hagu fiye da kima, na ce ya karya dama. Muka wuce kan kututturen yana leƙowa, bai fi kamu biyu da cikin jirgi ba. Ruwa ya ja baya bana, yaron bai taɓa ganinsa ba.

Mun dawo kafin la'asar. Na kwana biyu ina jin jiki kamar an yi mini duka.

Na Doron Baga, in kana da kalli mai ido uku, ka faɗi kuɗinsa, maƙwabcina yana nema. Likita kuma ina tambaya: wannan juya kan, in na yi sai zuciyata ta riƙa tashi. In rage ne, ko in daure in ci gaba?