An same ni da sankarar purostat, ni kuma matuƙin jirgin sama ne: ina mafita?

Matuƙi54:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekarata 54, jirgin fasinja nake tuƙawa, yanzu ina hutu a gida Damagaram. Gwajin jini na PSA, mai nuna alamar matsala a purostat, ya hau, aka ɗebi ɗan nama aka duba, sakamako ya ce sankara ce a purostat (ƴar gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), makin Gleason, ma'aunin zafin sankarar, 7, wato 3+4. Hoto ya nuna ba ta bazu ba. Alhamdu lillahi a kowane hali.

Abin da ke hana ni barci shi ne takardar lafiyata ta aji na ɗaya. In babu ita, babu tuƙi. Saura wata huɗu in sabunta ta, zuciya kuwa tana raya mini in yi gum har lokacin, tunda ba inda ke mini ciwo. Gidana da na marigayi yayana duk a wuyana suke. Ko uwargida ban gaya wa ba, takardun suna cikin jakar tafiyata ƙarƙashin kayan aiki. Likita ya ce ko tiyata ko gashi da na'ura. Wanne zai fi saurin mayar da ni kujerata?

TsohonKaftin:
Ƙanena, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce. Amma kada ka yi shirun nan. Ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wadda ANAC, hukumarmu ta Nijar, take bi, ta ce da zarar matuƙi ya san lafiyarsa ta samu tangarɗa, shi zai fara dakatar da kansa. Gobe ka kira likitan da ke sa hannu a takardarka. Za a dakatar da kai na wani lokaci, wannan ba makawa. Bayan magani za su nemi sakamakon naman da aka duba, da rahoton likitan da ya yi aikin, da PSA na baya. Matuƙa da yawa a duniya sun koma aiki ta haka. Wanda aka kama ya ɓoye kuwa, shi ne komawa ke yi wa wuya. Ga shi iyakar tuƙin fasinja tsakanin ƙasashe shekara 65 ce in ku biyu ne a gaba, kana da sauran 11. Kada ka sayar da su don wata huɗu.

BabanYara_Zengou:
Alhaji, ni ba ruwana da jirgi, tela ne, amma an yi mini tiyata an cire tawa purostat ɗin. Bari in faɗa maka abin da kunya ke hana mutane faɗa. Bayan tiyata za ka fito da roba a jikinka da jakar fitsari ɗaure a ƙafa, mako ɗaya zuwa biyu. Da aka cire ta, sai yoyo. In na yi tari ko na miƙe daga kan keken ɗinki, sai in ji ɗumi. Na yi watanni da ƙunzugu, har na daina zuwa jam'i, sai da limaminmu ya bayyana mini hukuncin mai yoyon fitsari, ashe akwai rangwame. A hankali ya tsaya, da motsa jijiyar da aka koya mini. Sha'anin iyali ma ya yi rauni, kuma ya fi daɗewa. Saboda haka ka gaya wa Hajiya tun yau. Ita za ta riƙe ka da dare, kuma abin ya shafe ta.

Majinyaciya_Birni:
Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Ka zaɓi abin da ya dace da ciwon, ba abin da ya fi sauri ba. Gashin ana yin sa a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai, tun 2021. Kusan kilomita 900 ne daga nan, kuma kullum ake zuwa har makonni, sai ka shirya masauki. Wani lokaci a haɗa da allurar rage sinadarin mazantaka, mai kawo kasala da zufa, kuma likitan matuƙa zai tambaye ka a kanta. Ko maganin sauƙaƙa fitsari na iya sa jiri. Ka kuma sanar da ƙannenka maza su je gwaji, ciwon yana bin jini.

Matuƙi54:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Na kira likitan, ya ce in turo masa takardun. Da Hajiya zan je Yamai. Malam tela, wata nawa ka yi kafin ka iya zaman awa uku ba ka tashi ba?