Lauyan da ya caccaki shugaban ƙasarsu a 1800, antifati ne ko faɗar gaskiya?

Sadiq_Wunti:
Salam 'yan uwa. Dan Allah lauyoyin gidan nan da masu tarihi ku taimaka min. Malaminmu ya taɓo maganar Alexander Hamilton na Amurka, lauya ne a New York kuma shi ne ministan kuɗi na farko a gwamnatin George Washington, wai a 1800 ana dab da zaɓe ya zauna ya rubuta ƙasida mai shafi 54 yana caccakar John Adams, shugaban ƙasa mai ci kuma ɗan jam'iyyarsu ta Federalist. Me ya kai lauya wannan aiki, ba kotu ce wajensa ba? Kuma wannan ba shi ne antifatin da muke gani a nan ba?

Barista_Yelwa:
Wslm ƙanina. Ai a lokacin ƙasida ita ce kamfen, babu rediyo balle Facebook, mutum zai rubuta ya kai maɗaba'a a buga 'yan ɗaruruwa, jaridu su kwafa, a karanta wa jama'a a wajen hira, shikenan magana ta zaga gari. Kuma wa ya fi lauya iya jera hujja ɗaya bayan ɗaya har ya ƙure abokin gaba, shi kansa Adams ɗin lauya ne fa.

Hamilton kuwa tun kafin 1800 alƙalaminsa bai huta ba. A 1787 zuwa 1788 shi da James Madison da John Jay suka rubuta maƙaloli 85 don mutanen New York su amince da sabon tsarin mulki, 51 nasa ne, dukkansu da sunan aro Publius. A 1793 ya dawo da sunan Pacificus yana kare matakin Washington na ƙin shiga yaƙin Ingila da Faransa, 1795 kuma ya zama Camillus yana kare yarjejeniyar da Jay ya ƙulla da Ingila. Rikicinsa da Adams kuma kan Faransa ne, Adams ya tura wakilai neman sulhu a 1799 alhali ɓangaren Hamilton ba sa so, sannan a watan Mayun 1800 ya raba Timothy Pickering da James McHenry da kujerunsu na minista, su kuwa mutanen Hamilton ne. Toh ka ji mafarin. Shi Hamilton so yake Charles Cotesworth Pinckney, ɗan takara na biyu na jam'iyyarsu, ya haye gaban Adams, takardar ma asali manyan jam'iyya aka nufa da ita, sai wasu sassanta suka faɗa hannun jaridar 'yan adawa, Aurora ta Philadelphia, daga nan aka bugata kowa ya gani.

Dattijo_Kobi:
Barista kana ta zagaye ne, yaro ya tambaya antifati ne ko a'a, toh antifati ne tsagwaronsa. Ka rubuta cewa mutum mai girman kai ne mai saurin fushi bai dace da kujerar ba, sannan a ƙarshen takardar ka ce duk da haka kar a hana shi ƙuri'a, wannan ai raina hankali ne.

Ni abin da na lura da shi, duk rubutun da ya yi da sunan aro ɗaga shi ya yi, biyun da ya sa sunansa na gaskiya su suka kwantar da shi. Na farkon ma a 1797 ne, wani ɗan jarida James Callender ya buga cewa lokacin yana minista ya riƙa ba wani James Reynolds kuɗi kuma akwai alamar almundahana da dukiyar gwamnati, sai mutumin ya fito da doguwar ƙasida yana cewa shi bai taɓa kuɗin gwamnati ba, neman matar Reynolds ya yi mijin kuma ya riƙa tatsarsa kuɗin toshiyar baki, har da wasiƙun matar ya buga a ciki. Wato ya gwammace a kira shi manemin mata da a kira shi ɓarawo, matarsa Eliza tana gida da yara. Allah ya kyauta.

Mu nan Bauchi mun san rubutun siyasa tun zamanin Malam Sa'adu Zungur, shi da waƙa ya yi nasa kuma ba lauya ba ne, amma Turawa da masu sarauta sun ji a jikinsu.

Maman_Nana_Jahun:
Baba Dattijo ranka ya daɗe na yarda antifati ne, amma kar a ɗora wa takardar nan abin da ba ita ta yi ba. Tun a bazarar 1800 Aaron Burr ya ƙwace majalisar jihar New York wa jam'iyyar Thomas Jefferson, ɗan takarar 'yan adawa da Burr ɗin ke mara wa baya a takara, kuma majalisar ce ke zaɓar wakilan zaɓen shugaban ƙasa, ƙuri'a 12 suka tafi kenan tun kafin takardar ta fito a Oktoba. Sakamako Jefferson 73, Burr 73, Adams 65, Pinckney 64, ku lissafa da kanku da 12 ɗin nan na hannun Adams ai da ya ci.

Ni abin da ya fi ƙona min rai dokar 1798 ce da ta haramta rubutun ɓatanci ga shugaban ƙasa da gwamnati. Thomas Cooper shi ma lauya ne, ya soki Adams a takarda, aka ba shi wata shida a kurkuku da tarar dala 400 a wannan shekarar ta 1800. Matthew Lyon ɗan majalisa daga Vermont wata huɗu da dala 1,000, yana cikin kurkukun ma mutanensa suka sake zaɓarsa. Hamilton ya faɗi abin da ya fi nasu zafi ko sammaci ba a aika masa ba, saboda dokar don 'yan adawa aka yi ta.

Sadiq_Wunti:
Ikon Allah. Nagode Hajiya. Toh Barista bayan sun faɗi zaɓen ya daina rubutun ne?

Barista_Yelwa:
Ina fa, wasiƙu ya koma aika wa 'yan majalisar wakilai na jam'iyyarsu cewa tunda an yi kunnen doki tsakanin Jefferson da Burr kuma majalisar ce za ta raba gardama, gara Jefferson da Burr, sai da aka kaɗa ƙuri'a sau 36 kafin Jefferson ya samu a Fabrairun 1801. A shekarar kuma ya haɗa kuɗi da abokansa suka kafa jaridar New York Evening Post. Mu lauyoyi abin da muka fi riƙewa shari'ar Harry Croswell ce a 1804, editan wata ƙaramar jarida da aka gurfanar kan ɓata sunan Jefferson, Hamilton ya tsaya masa a ɗaukaka ƙara ya ce in abin da aka buga gaskiya ne kuma da kyakkyawar niyya to bai zama laifi ba. Alƙalan suka rabu biyu-biyu, bai ci shari'ar ba, amma a 1805 majalisar New York ta mai da hujjar tasa doka. Shi bai gani ba, Burr ya harbe shi a fito-na-fiton bindiga a Weehawken a watan Yulin 1804, washegari ya rasu.