Za a kafa mana NMR mai 600 MHz: me za mu shirya kafin injiniya ya iso?

Sunusi_Kimiyya:
Assalamu alaikum. Cibiyar bincikenmu ta yi odar na'urar NMR (mai gano tsarin sinadarai da babban maganaɗisu da igiyar rediyo) mai 600 MHz, wato maganaɗisu mai ƙarfin tesla 14.1, da firob (ɓangaren da samfur ke shiga, mai aika sigina da karɓarta) na zafin ɗaki, ana kuma maganar ƙaro mai sanyi nan gaba. Kamfani ya turo littafin shirya wuri, amma manyanmu sun ɗauka abin kamar firji ne, a sauke a jona. An ba mu zaɓi tsakanin ɗaki a bene da wani a ƙasa kusa da wurin ajiye motoci. Wanne ya fi? Yaushe za mu yi odar hiliyam? Me za mu duba kafin mu sa hannu cewa mun karɓa? Wutarmu dai kun san halinta.

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam, Malam Sunusi. Ku ɗauki na ƙasa, ku matsar da motocin. Daɓen bene yana rawa, kuma girgiza mai ƙasa da 20 Hz ita ce ƙafafun iska na maganaɗisun suka fi kasa shanyewa. Za ta fito muku a sakamako kamar 'yan ƙahoni biyu a gefen kowane layi. Ku sa kamfani ya zo ya auna girgiza da sauyin maganaɗisu a ɗakin tun yanzu, a ranar aiki, janareto na kunne, ba ranar Lahadi ba.

Maganaɗisun zamani mai garkuwa ne, layin gaus 5 (iyakar tsaro ta ƙarfin maganaɗisu) ba ya kai mita 1 a gefe, amma sama da ƙasa yakan ninka haka. Ku shata shi da fenti a daɓe. Mai na'urar bugun zuciya ba ya ƙetarawa, haka silinda da kujerar ƙarfe. Garkuwar ba ta hana lif ko babbar mota mai wucewa ta jirkita filin ba, don haka a nisanta su.

Silin ya kai mita 3 ko fiye, domin bututun ɗura hiliyam (ruwan da ke sanyaya maganaɗisun) a tsaye yake shiga ta sama. Ku auna faɗi da tsayin kowace ƙofa daga inda mota za ta sauke akwatin, tunda ba a kwantar da shi. Zafin ɗaki kada ya yi lilon da ya wuce digiri 1, iskar AC kuma kada ta bugi maganaɗisun kai tsaye. Kwamfiresa maras mai, bar 6 zuwa 8, da na'urar busar da iska, a ajiye ta wani ɗakin. A toshe tagogi saboda ƙurar hunturu.

Wani abu da ake mantawa: a 600 MHz, mitar ditiriyam (haidirojin mai nauyi) da ake kulle filin maganaɗisu da ita don kada ya zame 92.1 MHz ce, cikin zangon rediyon FM. In akwai tasha mai ƙarfi kusa da ku, a auna wannan ma.

Dakta Rabi:
Bari in ɗora daga ranar da akwati ya iso. Kafin a buɗe, a duba alamomin bugu da karkata da ke manne a jikinsa, a ɗauki hoto gaban direba. Injiniya zai tsayar da shi, ya cire ƙarafan da suka ɗaure cikin don tafiya, ya rufe, sannan ya zuƙe iskar da ke tsakanin bangaye na wasu kwanaki. In ba a zuƙe sosai ba, hiliyam ne zai biya kuɗin har ƙarshen rayuwar na'urar.

Sanyayawa hawa biyu ce. Da farko ana cika har tukunyar hiliyam da ruwan naitirojin, a kai naɗin wayar maganaɗisun 77 K (K ma'aunin Kelvin ne, 77 K wajen −196°C ke nan). Dalili kuwa kuɗi ne: litar hiliyam da zafi kimanin kilojul 2.6 take ƙafewa, ta naitirojin sai ta sha wajen 160. Daga nan a turo naitirojin ɗin waje da gas ɗin hiliyam, a zuƙe, a sake turawa, sau da yawa. Nan ne gaggawa take ɓata aiki. Ragowar naitirojin tana daskarewa a 63 K, ta toshe bututu, ta cinye hiliyam a banza. Ruwan hiliyam kuma a hankali ake zuba shi ta ƙasa, don tururinsa mai sanyi ya yi aikin saukar da wayar zuwa 4.2 K.

Sai caji. Ana ɗumama wani ɗan makulli, a tura wuta cikin naɗin sannu a hankali, ana rage gudu idan an kusa kaiwa, sannan a bar makullin ya huce. Wutar sai ta ci gaba da zagayawa ita kaɗai. Bayan haka a daidaita shim na cikin sanyi, wato ƙananan naɗin waya masu sa filin maganaɗisu ya zama bai ɗaya. Sabon maganaɗisu yakan yi kwenc a cajin farko, wato wayar ta rasa halinta na wuce da wuta ba tare da turjiya ba, hiliyam ya tafasa cikin 'yan mintuna. Ba lalle lalacewa ba ne, amma sai an sake cikawa. Lita ɗaya tana zama lita 750 na gas, saboda haka a sa fankar fitar da iska da na'urar auna iskar shaƙa mai ƙara a 19.5%, ɗaya sama don hiliyam, ɗaya ƙasa don naitirojin.

Batun oda: lita ɗaruruwa ne, adadin yana littafin. Ku ƙara na ko-ta-kwana, ku kuma rubuta a kwangila wa zai biya in an yi kwenc. Tulun da ake kawo ruwan hiliyam a ciki yana asarar kusan 1% kullum, don haka isowarsa ta dace da ranar da aka gama sanyin naitirojin. Hiliyam daga irin su Amurka, Katar da Aljeriya yake fitowa, a yi lissafin jinkirin kwastan.

Malam Habu:
Kan wuta, hankalinku ya kwanta ta wani gefe: maganaɗisun ba ya shan wuta bayan caji. Na'urorin lantarki da kwamfuta su ne ke son UPS mai juya wuta sau biyu, da waya ta ƙasa tasu ta kansu. Amma firob mai sanyi na hiliyam ban ba da shawararsa yanzu ba. Kwamfiresarsa tana cin kilowat 7 da wani abu a layi uku, dare da rana, in wuta ta jima da ɗaukewa sai ya ɗumame, a yi awanni ana sake sanyayawa. Mai sanyin naitirojin ya fi dacewa: ƙarfin sigina ninki biyu zuwa uku maimakon wajen huɗu, da ciwon kai kaɗan.

Abin da ke kashe irin waɗannan na'urori ba ranar kafawa ba ne, shekara ta biyu ce. Naitirojin kowane mako ko biyu, hiliyam duk wata 4 zuwa 5. In babu wannan a kasafin kuɗi, a dakata da cajin. A riƙa rubuta yawan ƙafewa kullum. In ya faɗi kwatsam zuwa sifili, ba albishir ba ne, ƙanƙara ce ta toshe wuyan tukunya, a kira kamfani nan take.

Sunusi_Kimiyya:
Allah ya saka da alheri. Saura gwajin karɓa.

Dakta Rabi:
Kada a yi shi washegarin caji. Filin yana zamewa da sauri a makonnin farko, a bari ya natsu, sannan a auna zamewar ba tare da kulle ba na dare guda. A wannan aji abin da ake nema bai wuce kamar 6 Hz a awa ba.

Siffar layi ita ce uwar gwaji: kuloroform (CHCl3) 1% ko 0.3% cikin asiton-d6, a auna faɗi a 50%, 0.55% da 0.11% na tsayi, da juya bututun samfur da kuma tsaye. Saman layin kan yi kyau alhali gindinsa ya baje, wannan manyan shim ne ba su zauna ba, kuma zai dame ku wajen danne siginar ruwa. Ƙarfin sigina na 1H da itilbenzin 0.1% cikin CDCl3, bugu ɗaya, a auna layin nan mai kai huɗu na wajen 2.65 ppm. Ku tabbata faɗin wurin auna hayaniya shi ne na kwangila, don a nan ake kumbura lamba. Na 13C da dayoksen 40% cikin C6D6, danne ruwa da sukuros 2 mM cikin 90% H2O. Bugun digiri 90 a samo shi daga inda sigina ta mutu a 360, a raba huɗu. Zafi a gwada da metanol, mai yawa da itilin gilaikol, kada a yarda da abin da allo ya nuna.

Ma'aikacinku ya maimaita kowane gwaji da hannunsa injiniya na kallo, a kan kowane firob. Ku karɓi kwafin fayilolin shim, lambobin wutar shim na cikin sanyi da ɗanyen bayanan gwajin, sannan a sa hannu.