Ina son in koyi maganar hannu in zama tafintar kurame a makaranta, ta ina zan fara?

Malamar Firamare, Daura:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar kurame. Ni malamar firamare ce a nan Daura, NCE gare ni. Akwai ɗiyar yayana, shekararta tara yanzu, sanƙarau ya kama ta tana shekara huɗu, Allah ya tashi kafaɗunta amma jin ya tafi, 'yar maganar ma da ta iya a hankali ta dinga ɓacewa. Makarantar da nake koyarwa aka sa ta don in riƙa sa mata ido. Wallahi abin na ci mani rai, kullum tana bencin gaba tana kwafar abin da ke allo, rubutunta ya fi na kowa kyau a ajin, amma ranar nan na nuna mata kalmar "ruwa" a littafinta na yi mata alama ta nuna mani abin, ga randa nan bakin aji, sai ta tsaya tana kallona. Ashe shekara uku haruffa kawai take zanawa ba ta san suna nufin wani abu ba. A gida muna da 'yan alamunmu na ci da sha da zo da tafi, iyakarta kenan.

To ina ake koyon abin nan sosai? Shekara nawa yake ɗauka? Kuma in mutum ya iya, ana ɗaukar tafinta aiki a makarantu ko kuwa?

Tafinta, Ƙofar Ƙaura:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka maki. Aikina kenan, a sakandare nake fassara. Abin da zan fara gaya maki, wanda ni ba a gaya mani ba sai da na shiga, yaren ba ɗaya ba ne. Akwai na makaranta, asalinshi na Amurka ne, wani kurma baƙar fata Andrew Foster shi ya zo da shi Ibadan a 1960, daga nan ya bazu makarantun kurame har ya zama namu na Najeriya da 'yan sauye-sauye. Shi wannan a jingine yake da turanci, misali ruwan da kika faɗa, yatsu uku ake miƙewa a yi harafin W a taɓa haɓa, don kalmar ruwa ta turanci da W ta fara. Sannan akwai maganar hannu tamu ta ƙasar Hausa wadda kurame suka gada tun kaka da kakanni, ita za ki gani a kasuwa da tasha, wata Bajamushiya Constanze Schmaling ma ta zauna Kano ta yi bincike a kanta ta fitar da littafi a 2000. Yarinyar nan duka biyun take buƙata, na makaranta don jarabawa, tamu don zaman gida da unguwa.

Wajen karatu kuwa akwai FCE Special, kwalejin horar da malaman masu buƙata ta musamman da ke Oyo, akwai sashen ilimi na musamman a BUK da Jami'ar Jos. Amma gaskiya takarda za su ba ki da tushe, hannu ba ya sakewa sai kin zauna da kurame. Haruffa 26 na yatsu cikin sati ɗaya za ki haddace, kar ya ruɗe ki, wannan ba shi ne yaren ba. Ni na gama kwas ina ganin na iya, ranar farko a aji wani yaro ya yi mani tambaya hannunshi kamar walƙiya, sau uku yana maimaitawa ban kama ba, daga ƙarshe ya kauda kai ya duƙa kan littafinshi. Daren nan ban yi barci ba. Yin alama da sauƙi, karanta ta wani shi ne aikin. Sai da na kwashe kusan shekara biyu ina zuwa majalisarsu da la'asar kafin na daina cewa a maimaita.

Aikin kanshi akwai gajiya ba kaɗan ba, ƙa'ida mutum biyu ne suna canji duk bayan minti 20 ko 30, mu nan kai kaɗai za ka yi tun firiya ta farko har a tashi, kafaɗa da wuyan hannu su yi tsami. Ga malami ya juya ma allo yana rubutu yana magana yana cewa "wannan a haɗa da wancan", to ni wanne zan nuna? Kuma kurma ba ya iya kallon tafinta yana rubutu lokaci guda, in ya duƙar da kai maganar ta wuce shi, dole ki roƙi malamin ya riƙa dakatawa. Darasin kimiyya kuma kalmomi da yawa ba mu da alamarsu a hannu, tun kafin a shiga nake karɓar littafin malamin mu zauna da yaran mu yarda da alamar da za mu yi amfani da ita.

Tunda mace ce ke ki kula da wannan, dogon hijabi na ɓoye hannu, ki samu mai hannu kuma launi ɗaya marar zane. Fuska kuma dole a gan ta don rabin nahawun nan yake, ɗaga gira shi ke maida magana tambaya. Kar ki tsaya taga na bayanki, inuwa kawai za su gani.

Kurma daga Funtua:

Malama ni kurma ne, sanƙarau na 1996 ya ɗauke mani ji ina aji biyar, shi ya sa nake rubuta Hausa. Roƙona ɗaya, a daina ce mana bebaye, kurma ake cewa, muna da harshe a hannunmu. Abin da Malam ya faɗa gaskiya ne ki zo cikinmu, ki nemi ƙungiyar kurame ta garinku, mata ma suna da zamansu, za su raɗa maki sunan hannu, wannan suna kurame ke ba da shi ba mutum ke zaɓa ma kanshi ba. Kuma ki tafi da yarinyar. Ba ta taɓa ganin babba kurma mai aure da sana'a ba, bari ta gani.

Abin da ya fi ƙona mana rai da wasu tafintoci, malami ya yi magana minti biyar ajin ya fashe da dariya, tafinta ya yi alama biyu ya ce ba komai. Mi aka ce? Ina son in sani ko da shirme ne. Wani kuma in malami ya tambaye ka sai ya amsa maka don tausayi. Bar ni in faɗi ba daidai ba a gyara mani kamar kowa.

Baban Yara, Dutsinma:

Ni dai shawarata a kai ta makarantar kurame ta Malumfashi kar a tsaya jiran ki koya, shekaru na tafiya. Ɗana can ya yi, hutun farko da ya dawo kamar an canza shi, hira yake nema da kowa, mu ne ma muka koma ba mu iya ba. Na san raba ɗiya mace da gida tana ƙarama da wuya, nawa ma namiji ne amma sai da uwarshi ta yi kuka. Maganar aiki kuma ki sani yawanci a matsayin malami ake ɗauka, tafintar a ɗora maka a kai ba ƙarin ko kwabo, ga dokar masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa ma hannu a Janairun 2019 ta ce makarantun gwamnati su tanadi wanda ya ƙware, amma ki zaga ki ƙirga.

Malamar Firamare, Daura:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yayana na Funtua ka yafe mani, wallahi a gida bebiya muke ce mata, daga yau an bari. Maganar Malumfashi zan kai ma babanta amma na san kakarta za a sha fama da ita. Akwai wata kurma mai ɗinki bayan layinmu, shekara nawa muna gaisawa da ɗaga hannu kawai, jiya bayan la'asar na ɗauki yarinyar muka je. Matar ta aje keken ta yi mata wata alama, ita kuma ta maƙale a bayana tana leƙe, can sai na ga tana gwadawa da hannunta a ɓoye cikin hijabi. Matar ta ce mu riƙa zuwa Asabar da Lahadi. Malam Tafinta, haruffan nan 26 da ka ce, to ya ake yi da ƙ da ɗ da ɓ in za a rubuta suna da yatsu? Don sunanta akwai ƙ a ciki.